Bita muke ta zuwa amma aji na nan yadda yake, ina matsalar take?

Malamar Lissafi ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwana. Dan Allah shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo don abin ya daɗe da tsaya min a rai.

Shekarata bakwai ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, yara 'yan shekara 11 zuwa 14. A cikin shekarun nan na je bita ta kai goma. Ta ƙarshe kwana uku muka yi, aka kawo masani da firojekta ya yi bayani mai daɗin gaske kan yadda za a bar ɗalibai su riƙa gano abu da kansu, muka yi aikin rukuni, muka lilliƙa takardu a bango, aka raba satifiket aka watse. Wallahi da zumuɗi na fito. Ranar Litinin na shiga aji na kasa yara rukuni-rukuni, ko minti goma ba a yi ba aji ya kaure da hayaniya, biyu na aiki shida na hira, har sai da malamin ajin kusa da mu ya leƙo ya ga ko lafiya. Na sake gwadawa Laraba, haka dai. Kafin sati ya ƙare na koma gidan jiya, ni da allo da alli, su kuma suna kwafa. Kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni ya aka ƙare da abin da kuka koyo.

Abin da ya fi damuna ma yaran ne. Idan suka shigo aji ɗaya za ka ga hannu sama ko'ina, kowa na so a kira shi, amma kafin su kai tsakiyar aji biyu sai ka ga jiki ya mutu, ka yi tambaya kowa ya sunkuyar da kai. Satin da ya wuce na ba 'yan aji biyu 1/2 + 1/3, da yawansu suka rubuto min 2/5, alhali na koyar da wannan abin bara, bana ma na maimaita.

Yanzu firinsifal ɗinmu ta ɗora min tsara horon malamai na shekara mai zuwa, mu goma sha huɗu ne a ɓangaren, kuma gaskiya bana son in sake kawo irin waccan bitar mu zauna mu tafa mu tashi. Waɗanda suka taɓa ganin horon da ya canja aji da gaske, musamman na yaran wannan shekarun, me aka yi? Daga ina zan fara?

Tsohon Alli ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekara talatin da ɗoriya a aji kafin in yi ritaya, kuma abin da kika faɗa na kwana uku da satifiket ɗin nan na gan shi iya gani. Ba laifinki bane, kuma ba lallai laifin masanin bane. Aikin rukuni abu ne mai wuyar riƙewa, yana buƙatar ki san wa za ki haɗa da wa, me kowane yaro zai yi, yaushe za ki tsayar da su, to an ba ki shi a baki cikin ɗakin da manya ke zaune cikin natsuwa, aka ce je ki yi shi da yara masu tashen balaga ke kaɗai babu mai kama miki. Ai dole ya zube.

Bari in ba ki labarin abin da ya canja ni. Akwai wani abokin aikina da muke koyar da aji ɗaya, wata rana ya ce bari ya zauna a bayan ajina don nasa darasin ba shi da shi a lokacin. Da muka fito bai ce min komai ba kan darasin, sai ya miƙo min takarda, ya zana kujerun ajin, duk yaron da na kira ya sa masa ɗigo. Yara bakwai ne suka kwashe kusan duk ɗigon, kuma dukkansu a layi biyun gaba suke. Sannan ya ce ya lura idan na yi tambaya ko numfashi bana bari a ja nake nuna wanda ya fara ɗaga hannu. Na ji nauyi ƙwarai, don ni a zatona kowa nake damawa da shi. Daga baya ne na karanta cewa wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan abin tun shekarun 1970, ta tarar malamai kusan daƙiƙa ɗaya kawai suke jira bayan tambaya, kuma idan aka ja jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara sukan yi tsawo, waɗanda ba sa magana ma su fara sa baki.

Zango guda cur ba mu yi aiki kan komai ba sai wannan. In yi tambaya, in hana ɗaga hannu, in ƙirga a zuciyata, sannan in kira suna. Shi ya shigo ajina sau ɗaya a sati biyu, nima in shiga nasa da irin takardar. Satin farko shirun nan kamar zai kashe ni, yara ma suna kallona kamar na manta abin da zan faɗa. Amma wajen sati na biyar wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ba da amsa, ba daidai take ba, amma daga amsarta na gane inda rabin ajin suka ɓata.

Don haka ni shawarata, kada ki tsara shekara mai batutuwa goma. Ku goma sha huɗun nan ki haɗa ku bibbiyu, kowane biyu su zaɓi abu ɗaya ƙarami wanda ido zai iya gani a ƙirga, su riƙe shi zango guda. Kuma ki roƙi firinsifal tun yanzu cewa takardar da aka cika a bayan aji ta malamin ce, ba za ta shiga ofis ba.

Ɗalibin Ilimi ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa bincike ma ya goyi bayansa. Ni malami ne kuma ina karatun digiri na biyu a fannin ilimi, wannan batun na sha karanta shi, bari in ɗan ƙara.

A 2007 wasu masu bincike a Amurka sun tattara nazarce-nazarce sama da 1,300 kan horon malamai, guda 9 kacal suka cika sharuɗɗan ingancin da suka gindaya. A cikin taran nan, horon da bai wuce awa 14 ba bai nuna wani tasiri a sakamakon ɗalibai ba, wanda ya wuce awa 14 kuwa ya nuna tasiri, kuma a tsaka-tsaki horon da ke cikin duka taran ya kai awa 49. Sai dai duka taran na firamare ne. Toh kar mu yi saurin cewa yawan awa shine maganin, domin gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin wani babban gwaji da ya shafe ki kai tsaye Malama, na malaman lissafi na aji bakwai, wato yara 'yan shekara 12 zuwa 13, kuma kan firakshin (irin su 1/2) da lambobi masu ɗigo (irin su 0.25) da kaso cikin ɗari aka yi shi. An ba su horo lokacin hutu, an yi musu semina cikin shekara, har da masu zuwa makaranta suna taimaka musu. A shekarar farko an ga malaman sun ƙara yawan tambayar yara yadda suka yi tunani, amma rahoton 2011 bayan shekara biyu ya nuna makin ɗalibai bai ɗaga yadda za a ce horon ne ya ɗaga shi ba. Na kawo wannan ne don kada a yi miki alƙawarin da ba zai cika ba, canja hannun malami abu ne mai wuya, kuma kafin canjin ya gangaro kan takardar jarabawar yaro ya fi haka wuya.

Inda aka fi samun haske shine irin abin da Baba ya yi da abokinsa. A 2018 Matthew Kraft da abokan aikinsa sun haɗa nazari 60 kan tsarin da wani gogagge ke shiga aji ya kalli malami, su zauna su tattauna, malamin ya gwada, a sake dawowa. Sun tarar yana gyara koyarwa sosai, yana kuma ɗaga sakamakon yara ko da yake bai kai girman gyaran koyarwar ba, kuma tasirin yana raguwa idan shirin ya yi girma ya game malamai masu yawa. Kinga ku goma sha huɗu ma wata dama ce.

Game da 2/5 ɗin nan kuwa, ni ina ganin nan ne ma za ku fara ku malaman lissafi. Yaron da ya rubuta 2/5 ba shirme ya yi ba, doka ya bi, ya tara na sama ya tara na ƙasa kamar yadda ya saba da cikakkun lambobi shekara shida, kuma shine zai ce miki 0.25 ya fi 0.3 tunda 25 ya fi 3. Maimaita masa ƙa'ida sau uku ba zai cire wancan tunanin ba. Amma ki zana layi daga 0 zuwa 1 ki ce ya nuna miki inda rabi yake da inda 2/5 yake, da kansa zai ga amsarsa ba ta ma kai rabin da ya fara da shi ba, ta yaya za a ƙara abu kan rabi ya ragu? Wannan ilimin na sanin inda yara ke tuntuɓe a kowane darasi da misalin da ke warware shi, wani masanin ilimi a Amurka, Lee Shulman, ya yi rubutu a kansa a 1986, ya bambanta shi da sanin lissafin kansa, kuma ba a samunsa a bitar da aka tara malaman kowane fanni a ɗaki ɗaya.

A Japan suna da wata hanya da suka daɗe a kanta tun ƙarni na 19. Malaman fanni ɗaya su zauna su shirya darasi guda tare, har su yi hasashen irin amsoshin da yara za su bayar, ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna kallon littattafan yaran suna rubuta abin da suka ji suna faɗa, bayan an tashi a zauna a tattauna a gyara darasin. Duniya ta fi sanin wannan bayan an ɗauki bidiyon darussan lissafi na aji takwas a Jamus da Japan da Amurka cikin binciken TIMSS na 1995, wato binciken ƙasa da ƙasa kan lissafi da kimiyya, aka ga a Japan sau da yawa ana ba yara matsala su yi fama da ita tukuna kafin a tattauna hanyoyin warware ta. Ko sau ɗaya a zango kuka yi irin wannan kan firakshin ina ganin za ki ga bambanci.

Malamin Kimiyya ya rubuta:

Duk na yarda da ku amma fa a faɗi gaskiya, yaushe? Ni darasi 28 nake da shi a sati, ga makin gwaji ga lesin not ga rajista, lokacin da ba ni da aji shine kaɗai nake samu in duba littattafan yara, yanzu kuma a ce in je in zauna a bayan ajin wani. Singafo da ake ta ba da misali da ita malami yana da haƙƙin awa 100 na horo a shekara, a Shanghai kuma zaman malaman fanni ɗaya yana cikin tsarin aikinsu na mako, ba alfarma suke yi ba. In dai ba a sa shi cikin jadawali ba wlh sati uku zai yi ya mutu, kuma a ƙarshe a ce malamai ne ba sa son ci gaba.

Na biyu, maganar shiga aji. A wata makaranta da na taɓa aiki an kawo irin wannan, aka ce taimakon juna ne, ashe abin da aka rubuta yana komawa fayil, ƙarshen shekara aka karanto wa wani bawan Allah a gaban mutane. Tun daga ranar duk wanda za a shigo ajinsa sai ya ɗauko darasin da ya fi iyawa ya gargaɗi yara tun jiya, a yi wasan kwaikwayo a tashi. Ni har yanzu idan na ga mutum da takarda a bayan ajina jikina sanyi yake yi. Malama in kina so mutane irina su shigo, ki fara buɗe naki ajin, kuma ki zaɓi ajin da ya fi ba ki wahala.

Uwar Aji Biyu ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni harshe nake koyarwa kuma ni ce mai kula da 'yan aji biyu, ina so in koma kan abin da Malama ta ce na hannu sama a aji ɗaya, shiru a aji biyu, don ina ganin ba a taɓo shi sosai ba.

'Yar'uwa wannan abin ba a ajinki kaɗai yake ba. Jacquelynne Eccles da abokan aikinta sun bibiyi yara a Amurka tun shekarun 1980 lokacin da suke tsallakawa daga firamare, suka ga sha'awar karatu da yarda da kai suna raguwa, musamman ma a lissafi, kuma bayaninsu shine makarantar ce ba ta dace da shekarun ba. Ki duba mana, yaro ya fito daga hannun malami ɗaya da ya san shi ya san halinsa, ya faɗo hannun malamai takwas ko goma da kowa minti arba'in zai yi ya fita, a daidai lokacin da jikinsa ke canjawa, yake son a ɗauke shi babba, a ba shi zaɓi, kuma babu abin da yake tsoro a duniya kamar abokansa su yi masa dariya. Mu kuma a lokacin ne muke ƙara tsanani da kwatanta maki a fili. Yaron da ya sunkuyar da kai sau da yawa lissafi yake yi, in na faɗi ba daidai ba me zai biyo baya a wajen hutu.

Shi yasa ni in za a bi shawarar Baba ta hana ɗaga hannu a kira suna, to a haɗa da barin yara su fara rubuta amsa ko su faɗa wa na kusa da su tukuna, in ba haka ba wani yaron tsoro za ki ƙara masa. Ni ƙananan alluna muke amfani da su, kowa ya rubuta a ɗaga lokaci ɗaya, ina ganin amsar kowa cikin daƙiƙa kaɗan kuma babu wanda aka ware. Paul Black da Dylan Wiliam na Ingila sun yi rubutu a 1998 kan irin wannan duba fahimtar yara ana tsakiyar darasi a gyara nan take, daga baya suka yi aiki da malaman lissafi da kimiyya na sakandare a kai, malaman suna gwadawa a ajinsu suna dawowa a tattauna.

Sai abu ɗaya da nake roƙo ki sa a tsarinki ko da zama ɗaya ne a zango: duk malaman da ke shiga aji guda su haɗu, ba don fanni ba, don yaran. A irin wannan zaman ne muka gano wani yaro da malamin kimiyya ke cewa malalaci ne, na lissafi na cewa yana da ƙoƙari in dai lambobi ne zalla, ashe karatu ne bai zauna masa ba, tambaya in ta wuce layi biyu sai ya ajiye biro. Shekara ɗaya da rabi yana tare da mu kowa na riƙe da guntun labarinsa. Akwai irinsa da yawa a wannan matakin, don an ɗauka duk wanda ya gama firamare ya iya karatu, littattafan kuma sun yi nauyi lokaci ɗaya.

Malamar Lissafi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, na karanta komai sau biyu. Malamin Kimiyya maganarka ta shige ni, don ni kaina da aka ce wani zai shigo sai da gabana ya faɗi. Jiya na samu firinsifal na nuna mata, ta yarda a mayar da taron malamai ɗaya cikin biyu na wata ya zama na wannan aikin, sanarwa kuma a riƙa turawa a waya, ta kuma yarda takardar bayan aji ba za ta zo teburinta ba. Abin da ba ta amince ba tukuna shine rage wa kowa darasi, ta ce sai an zo tsara jadawalin sabuwar shekara.

Yau na gwada layin 0 zuwa 1 ɗin da 'yan aji biyu. Wani yaro ya sa 2/5 ya tsaya yana kallo, can ya ce Malama ai ya koma baya. Ajin ya ɗan yi gardama, wasu suka ce layin ne ba a zana daidai ba, muka sake aunawa da rula. Ba mu ma kai ga amsar ba aka kaɗa ƙararrawa.

Tambayata ta ƙarshe Baba, akwai malamai biyu da suka girme ni nesa ba kusa ba, ɗaya ma ya koyar da ni, ta yaya zan tunkare su da maganar a shiga ajinsu?

Tsohon Alli ya rubuta:

Kada ki ce za a shiga ajinsu 'yata. Ki je ki gaishe da wanda ya koyar da ke, ki ce Malam ajin nan na biyu ya gagare ni, ina roƙon ka zo ka zauna min minti ashirin ka ƙirga min yara nawa ne suka yi magana. Ki ba shi takardar da zanen kujerun a hannu. In kun fito ki saurari duk abin da zai faɗa ko da ya wuce abin da kika roƙa, ki gwada ɗaya daga ciki, bayan sati biyu ki koma ki gaya masa yadda ta kaya ki sake gayyatarsa. Ɗayan kuma ki bar shi tukuna, kada ki sa sunansa a jerin bibbiyun sai ya ga abokinsa na shiga yana fita.

Gobe kuma ki fara da yaron nan da ya ce ya koma baya, ki ce ya zo ya nuna wa ajin abin da ya gani, sannan ki tambaye su in 2/5 bai kai rabi ba, a ina suke zaton amsar za ta faɗa a kan layin kafin a lissafa komai.